Ƙafar Tavarius da Durƙuson Ƙarshe

Jawo kujera ka zauna, ka miƙe ƙafafunka tunda naka lafiyarsu ƙalau, in ba ka labarin Tavarius Boykin.

Tavarius ɗan wani ƙaramin gari ne a bakin kogin Mississippi na ƙasar Amurka, irin garin da kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Kakarsa ce ta raine shi, Mama Ozella, wadda ta shekara talatin tana feɗe tarwaɗa a masana'antar kifi har yatsunta suka karkace. Yana ɗan shekara bakwai aka kifa masa kwalkwalin ƙwallon Amurka a ka, ya rufe masa ido, sai ya ɗaga haɓa yake ganin gabansa. Tun daga nan aikinsa a fili guda ne: a danƙa masa ƙwallo, ya rungume ta a ƙirji, ya ruga ya keta ƙarti kafin su kayar da shi. Wannan gudun ne ya kai shi jami'a, tafiyar awa uku daga gida.

Shekarar farko a benci ya yi ta, ana jira ya yi ƙwari. Uku da suka biyo ya yi wasa daidai gwargwado, ba a sa shi a jarida ba, ba a kuma yi kuka da shi ba. Ta biyar ita ce ta ƙarshe. A wasa na biyu, cikin Satumba, wani ƙato ya riƙe masa ƙugu, wani ya faɗo masa a ƙafar hagu tana kafe a ƙasa. Na kusa suka ce sun ji ƙarar kamar an karya rake. Ƙwaurin ya karye. Likitoci suka zura masa ƙarfe a cikin ƙashin, tun daga gwiwa har idon sawu, suka ɗaure da ƙusoshi huɗu.

To, karaya ai ta yini guda ce, jinya ita ce aikin. Kullum ƙarfe biyar da rabi na asuba yana ɗakin gashin ƙashi, a hannun Mis Renita, mai kula da masu rauni. Mace ce gajera, mai muryar sajan. Mutumin da ke ɗaga ƙarfen da ya ninka nauyinsa, sai ga shi zaune ana zuba masa 'yan duwatsu a ƙasa, wai ya tsince su da yatsun ƙafa ya sa a kofi.

"Saura tara," in ji ta.

"Mis Renita, kin ƙara wasu da na juya baya."

"Na ƙara. Kai ni ƙara wajen kakarka."

Daga nan a tsoma ƙafar cikin ƙanƙara, daga nan aji, da sanduna biyu a hammata. Da yamma abokansa na atisaye, shi yana gefe yana tuƙa keken nan da ba ya zuwa ko'ina. Wani ya riga ya gaji gurbinsa, yana kuwa yin ƙoƙari. Ba wanda ya wulaƙanta Tavarius. Sai dai gaisuwar ta koma irin ta dubiya, a dafa kafaɗa a ce sannu a wuce.

Mis Renita ce ta kawo masa wata takarda a mako na shida. Ta ce doka ta yi wa irinsa tanadi: wanda ya ji rauni a farkon wasannin shekara, ana iya mayar masa da shekarar ya dawo baɗi.

"Amma ka buɗe kunne," ta ce. "Sharaɗin shi ne kada ka sake shiga wasa bana. Ko na ƙiftawar ido. Ka shiga, shekarar ta tafi, kai da ƙwallo kun yi sallama."

"Baɗin zan iya gudu kamar da?"

"Likita ya ce wataƙila."

"Ke fa?"

"Ni ma wataƙila. Ɗaga ƙafar, ba hira ka zo ba."

Ya ninke takardar ya sa a jaka, ta yi mako huɗu a ciki ba sa hannu. Shekara guda ce cur ta asubanci da ƙanƙara a kan wataƙila, kuma duk waɗanda suka shigo tare da shi za su tafi su bar shi.

Ana saura kwana goma wasan ƙarshe na gida, Lonzo ya same shi a ɗakin cin abinci. Lonzo abokin ɗakinsa ne tun shekarar farko, ɗaya daga cikin ƙartin da ke buɗa masa hanya a fili, mutum kamar rumbu. Ya dire faranti uku a tebur.

"Gurgu, matsa mini."

"Tumbi, wa zai taya ka wannan?"

"Allah zai taya ni. Saurara, mun je wurin Koci, mu sha huɗu masu fita bana. Mun ce in muna kan gaba ranar Asabar, kai za ka tsaya a baya a durƙuson ƙarshe."

Bari in gaya maka yadda durƙuson yake. In lokaci ya kusa cika, masu rinjaye ba sa sake kai hari. Jagoransu ya karɓi ƙwallo ya sa gwiwa a ƙasa, agogo ya cinye sauran. Mutum ɗaya kan tsaya can baya shi kaɗai, don ko ƙwallo za ta kuɓuce. Ba mai taɓa shi. Wurin nan akan ba wanda ake son karramawa.

"Koci ya yarda?"

"Ya ce ruwanka. Ya ce in tuna maka zancen takarda." Lonzo ya cika baki da kaza. "Ni dai na faɗa. Shekara biyar ina tare maka ƙarti, ba zan so in waiga ranar ƙarshe in ga wani a bayana ba. Amma in ka ƙi, ba zan yi fushi ba. Zan dai cinye abincinka."

Ranar Lahadi wani ɗan garinsu ya rage masa hanya zuwa gida. Ya iske Mama Ozella ta dawo daga coci, ko hular ba ta cire ba, tana soya kifi. Ta sa shi ya yi tafiya daga ƙofa zuwa murhu tana kallo. Ya riga ya daina amfani da sanduna a lokacin, amma yana ɗingishi.

"Kamar agwagwa," ta ce. "Zauna, ɗan nan."

Ya zayyana mata komai. Ta gama juya kifi, ta zuba masa da wainar masara da ganye, sannan ta dube shi.

"Kai me kake so?"

"Mama, barci nake so."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ita ce da ni. Tun ina ɗan shekara bakwai ban taɓa kwana ba tare da wani wuri na ciwo a jikina ba. In na bari, mutanen garin nan za su ce na karaya. Fasto ma ya sa a yi mini addu'ar komawa fili."

"Fasto bai taɓa gudun da ya wuce na zuwa teburin abinci ba," in ji ta. "Mutanen gari kuwa, da ƙafarka za su yi tafiya in sun tsufa? Ni ba zan zaɓa maka ba. In ka koma baɗi, zan zauna in rufe ido duk sanda aka ba ka ƙwallo, kamar yadda na saba. In ka bari, ka kawo mini takardar digiri in rataye. Ci abincinka kafin ya huce."

Ya koma makaranta bai yanke komai ba. Ranar Asabar ya dai sa kayan wasa, abin da rabonsa da shi mako goma sha ɗaya. Wandon ya yi masa yawa a cinyar hagu.

Kafin a fara, aka yi ta kiran masu fita ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taka tsakiyar fili da iyayensa, ya miƙa wa uwarsa furanni. Tavarius ya fito da Mama Ozella a hannunsa, ba za ka iya cewa ga mai riƙe da wani ba. Aka tafa musu sosai. Sannan ya koma gefe ya tsaya awa uku cikin sanyin Nuwamba, ƙarfen da ke ƙashinsa yana tsotsar sanyin yana aika masa har ƙugu. A ransa har ya so a ci su, don a hutar da shi zaɓi.

Ba a ci su ba. Saura daƙiƙa talatin da 'yan kai, suna gaba da maki huɗu, ƙwallo a hannunsu. Koci Haskell ya cire abin kunnensa ya waiwayo.

"Boykin. Ba dole."

"Na sani, yallaɓai."

Mis Renita na riƙe da kwalkwalinsa, ta ƙanƙame shi a ciki. "Tavarius, mako goma sha ɗaya muka yi ni da kai. In ka ƙetare farin layin bakin filin nan, babu gyara. Ba don Lonzo ba, ba don tafi ba. Ka tabbata?"

"Ban tabbata ba, Mis Renita. Na dai gaji."

Ta dube shi, ta dubi ƙafar, ta miƙa masa. "Kada ka kuskura ka yi gudu."

Bai yi ba. Ya ɗingisa ya shiga, filin ya ɗauki sunansa. Ya tsaya can baya shi kaɗai, yana kallon faffaɗan bayan Lonzo. Aka miƙa ƙwallo, jagora ya sa gwiwa a ƙasa, alƙali ya busa. Duka abin bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba. Lonzo ya juyo yana kuka kamar an yi masa mutuwa, ya sungume shi sama.

"Sauke ni, Tumbi, za ka karya ɗayar!"

Da aka watse ya zauna a ciyawa ya kwance takalmin, don ƙafar ta kumbura. Ya jira ya ji daɗi ko ya ji baƙin ciki, ba wanda ya zo. Sai ga Mis Renita da ƙullin ƙanƙara, ta ɗaura masa ba ta dubi fuskarsa ba.

"Litinin, biyar da rabi."

"Haba, Mis Renita, ai na gama."

"Kai ka gama. Ƙafar ba ta sani ba."

Ya kuwa je, ya yi ta zuwa har bazara. A yau yana koyar da lissafi a sakandaren garinsu, yana tafiya sumul, sai in hadari ya haɗo ne ƙafar ke tsunkulinsa. A shagon aski har gobe ana musu a kansa. Wasu na cewa ya sayar da shekara guda a kan daƙiƙa talatin, wasu na cewa ya san lokacin tashi daga kasuwa. In an tambaye shi, sai ya yi murmushi ya ce wa mai aski ya rage masa gefe.

To kai da ka zauna ka ji, da kai ne a bakin farin layin nan, za ka karɓi kwalkwalin?