Na Sayi Gida Da Tsohuwa A Ciki

Assalamu alaikum Edita. Ni dattijo ne daga Rano, in kun ga rubutuna yana tafiya a karkace ku yi haƙuri, aji uku na tsaya a firamare, shi ma rabin kwanakin a bakin rafi na yi su. Lokacin da abin nan ya faru ina dab da shekara hamsin, ina sana'ar awon hatsi, ranar kasuwar Kibiya ina can, ranar ta Rano ina nan. An san ni da tsokana da cika baki. Kullum ina gaya wa mutane ba a haifi wanda zai cuce ni a ciniki ba. Amma duk bakin nan nawa a gidan haya nake, ɗaki biyu, ni da uwar 'ya'yana da yara shida, ga shi mai gidan ya ce zai aurar da ɗansa, mu nemi wuri.

A shekarun ne aka dawo mulkin farar hula, Shari'a ta shigo Kano, gidaje suna ta tsada. Na sayar da shanun nomana biyu da gonar da na gada, na ce ko ta halin ƙaƙa sai na kwana a nawa. Sai wani mutum da muke haɗuwa a kasuwa ya ja ni gefe, ya ce mahaifinsa ya rasu ya bar masa gida, shi kuma Kudu zai tafi neman kuɗi, zai sakar mini da sauƙi in dai ba za mu sa dillali da mai unguwa ba. Jin za a tsallake la'ada, sai na ji mutumin ya kwanta mini a rai.

Kada ku ce ban bincika ba, na bincika. Na ƙwanƙwasa kowane bango, na hau na soka wuƙa cikin azara ko akwai gara, na zura guga a rijiya na ɗanɗana ruwan, na tambayi maƙwabta inda ruwan damina yake bi. Har masai sai da na leƙa. Ɗaki ɗaya ne kawai na tarar da kwaɗo a jikinsa. Mutumin ya ce tarkacen tsohuwarsa ne, ta koma wurin danginta a Dawaki, za a zo a kwashe. Uwar 'ya'yana ta ce, Malam, ita tsohuwar ta san da cinikin kuwa? Na ce mata ta tsaya a kan tukunyarta, ciniki aikina ne. Na kira abokaina biyu na teburin mai shayi suka yi shaida, aka rubuta takarda, na dangwala yatsa, na dawo ina tafiya kamar na ci zaɓe.

Mun yi wata biyu a ciki, na yi dabe, na shafa farar ƙasa, sai wata ranar Laraba da hantsi ɗan acaɓa ya sauke wata tsohuwa a ƙofar gida da ƙullin kayanta. Ta yi sallama, ta wuce mu, ta kwance mabuɗi daga bakin zanenta, ta buɗe ɗakin ta share, sannan ta juyo ta tambaye ni ko mu ne 'yan hayan da ɗanta ya zuba. Na ce, Iya, ai ni ne mai gidan. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce to madalla, mai gidan da ta sani dai yana maƙabarta.

Ni na kai ƙara da ƙafata, don na ɗauka takardata za ta yi magana. Alƙali ya juya ta gaba da baya, ya tambaye ni ko an raba gadon kafin na saya. Na ce ban tambaya ba. Ya ce me na tambaya to? Na ce gara da rijiya. Har magatakarda sai da ya sunkuyar da kai yana dariya. Alƙali ya yi mini bayani cewa matar mamaci tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, kuma ɗa ba shi da ikon sayar da rabon uwarsa. Ko dai in bi mutumina Kudu a warware ciniki, ko in riƙe abin da ya halatta ya sayar. Na ce zan riƙe. Aka turo masu awo, rabonta ya faɗa kan ɗakinta da ɗan filin gabansa. A ɗan filin nan rijiyar take.

Na roƙe ta ta sayar mini, ta ce a ɗakin nan ta haihu, daga nan za a ɗauki gawarta. A nan ne, Allah Ya yafe mini, halina ya motsa. Na ɗaure akuyoyi a bakin tagarta, sai ta riƙa ba su dusa har suka fi saninta a kaina. Na ƙure rediyo, ta aiko a ce in ƙara, kunnenta ba ya ji sosai. Ni kuwa duk safiya sai na tsaya da guga na ce, Iya, a ba mu ruwa, ta ce ɗan haya ya ɗiba. Ranar da na ga ta goya autarmu da ke fama da zazzaɓi, tana shafa mata ruwan rijiyar nan, kunya ta rufe ni. Na kwance akuyoyina, na ce wa kaina gidan nan ba zan bar shi ba, ita ma ba zan ƙara takura mata ba.

Shekara shida muka zauna, kuma daga ɗakin aka ɗauke ta kamar yadda ta so. Ni na shiga kabarinta. Ba a yi sadakar bakwai ba sai ga mutumina ya dawo, ya karɓi gaisuwa, ya ja ni gefe ya ce yanzu ɗakin ya zama nasa, mu ƙarasa tsakaninmu. Na ce masa wannan karon ko kyauta ce sai gaban alƙali. Na hau mota zuwa Dawaki na zauna da dangin marigayiya, na ce su lissafo mini duk wanda ta haifa. Ashe tana da 'ya daga aurenta na fari, tana aure a Nariya. Na je har ƙofar gidanta na taho da ita da mijinta. Aka yi wa ɗakin da filin kuɗi na biya, aka raba, kowa ya karɓi nasa a hannunsa, mai unguwa ya sa hannu, kotu ta buga hatimi. Ranar ce na zama mai gida, gemuna ya riga ya yi fari.

Don haka ɗan'uwa mai neman gidan farko, duba bango da ruwa, amma kafin nan tambayi na wane ne. In na gado ne, a nuna maka takardar rabo, ka ga kowane magaji da idonka, musamman matan, don su ake mantawa kuma haƙƙinsu ba ya ɓata. Kada ka guji mai unguwa saboda 'yar la'ada. In matarka ta yi tambaya, ka saurara. Duk wanda ya ce ku ƙulla cinikin gida ba tare da kowa ya ji ba, akwai wanda ba ya so ya ji, ka tashi ka nemo shi kafin ka dangwala yatsa.