Izinin Laɓe

Wasan da muke yi a waya rubutu ne zalla, ba hoto ba murya. Mu mata ne 'yan Rano da Kibiya da muka yi islamiyya tare, aure ya watsa mu, sai muka buɗe guruf muka gina wani garin ƙarya a ciki. Kowacce ta ɗauki matsayi, akwai Ungozoma, akwai Mai Kitso, akwai Mai Ƙosai. Ni Dillaliya aka ba ni, wai ta dace da bakina. Ban yi musu ba.

Dokar da ta fi ɗaure min kai ita ce ta labule. In mace ta rubuta "na saki labule", duk abin da ta faɗa bayan nan kowa na karantawa, tunda guruf ɗaya ne, amma a cikin wasa ba wadda ta ji. Ba a amsawa, ba a kai zancen gaba. Mai son laɓewa kuwa sai ta bi mai ɗakin ta gefe, ba a guruf ba, ta nemi izini. In an ce a'a, shi ke nan.

Na juya abin nan a raina na rasa gane kansa, har na kai shi gaban kawuna, malamin allo a Rurum Tsohon Gari. Na same shi yana feƙe alƙalami, na yi masa bayanin wasan, na ce, "Kawu, wanda ya nemi izini kafin ya laɓe, ya yi laɓe?"

Ya ce, "Wannan ai baƙo ne da ya ƙi shigowa. To ku da kuke karantawa ba ku nema ba, mene ne sunanku?"

Sai na sauya zance, na tambaye shi ya ciwon ƙafa.

A daminar nan mijin Mai Ƙosai ya rasu, rasuwa ta gaske, ta shiga takaba a Fassi. Muka yi mata gaisuwa, muka ɗauka ta bar wasa. Ba ta bari ba. Cewa ta yi a cikin wasa mijin Mai Ƙosai ya tafi ci-rani bai dawo ba. Kullum bayan la'asar sai ta saki labule ta hau yi masa hira: dawa ta fara fitar da kai, akuya ta haihu, ɗakin baya yana yoyo. Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, ita kuma ba ta fita, ba ta da abokin hira sai wayar nan. Mu karanta mu yi shiru, tunda doka ta ce ba mu ji ba. Can sai Ungozoma ta ɗauko wani raha kamar ba a yi komai ba.

Tausayinta ya cika ni, son jin ƙwaƙwaf ma bai bar ni ba. Ta san muna karantawa. To wa take rubuta wa?

Wata rana ta rubuta masa, "Na yi faten da kake so, na manta na zuba kwano biyu." Na kasa haƙuri, na bi ta ta gefe.

"Ƙawata, Dillaliya na son ta laɓe. In shiga sharo ba shanu ne ki ce a'a, wallahi ba komai."

Na ga alamar tana rubutu, ta tsaya, ta sake farawa. Na tabbata na taɓa inda ba a taɓawa.

"Sai yanzu?" ta ce. "Tun yaushe nake jiran ɗayarku ta tambaya. Kunyarku ta yi yawa."

Na koma guruf na rubuta cewa Dillaliya ta tsaya a bayan labule, ta sauke ƙullin kayanta a hankali. A ƙa'ida nan ya kamata in tsaya, ita kuma ta yi kamar ba ta sani ba. Amma sai ta rubuta, "Wace ce a nan?"

Na ce, "Ni ce."

Ta ce, "Shigo ki ci kwanon nan tun bai huce ba. Na kasa mayar da shi tukunya."