Teburin Keken Inna

Da idon Inna ya mutu, muka ɗauko ta daga Taura zuwa gidana a Limawa. Ba ta so ba. Ba ta kuma nemi komai daga can ba sai kekenta na ɗinki, irin na ƙafa ɗin nan mai baƙin kai, wanda da shi ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba. Kullum na dawo daga aiki, kafin in cire takalmi za ta ce, "Kai, ina keken?" Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

Ni direban tifa ne, dutse da yashi na sani. Na je na buɗe ɗakinta na can. Kan keken lafiya lau, ƙafar ma tsatsa ce kawai. Teburin ne ya ji jiki. Rufi ya yi yoyo a kansa, katakon ya kumbura ya ɗaɗɗago, gara ta cinye kusurwa guda da aljihun zare. Kana shafawa sartse zai shige ka. Mai gani da hannu ba a miƙa masa wannan.

Na kai wa wani kafinta a bakin titi. Ya ƙwanƙwasa, ya hura, gari ya tashi.

"Maigida, wannan ai ya girme ni. Ka sayi sabo mana."

"Ba sabo aka aiko ni ba."

"To zan cike inda gara ta ci, in goge. Sai ka zaɓi abin da za a sa masa. Fenti yana ɓoye ciko, amma yana ɓarewa. Fomika ba ta tsoron ruwa, sai dai teburin mai shayi zai koma. Banish kuma yana nuna jikin katako, ga sheƙi."

Na ce masa Inna man shanu take shafa masa. Matan rugar da take yi wa ɗinki ne ke kawo mata. In rani ya yi sai ta lakato ta murza da tsumma don kada ya tsage, har katakon ya yi baƙi.

"Man shanu? Tuwo ne?" Ya yi dariya. "Shi ya sa gara ta yi walima."

Na ce ya ba ni lokaci. Na buga wa ƙanwata da ke aure a Garki. Ta ce, "Yaya, ka sa mai ƙyalli. Ko ita ba ta gani, masu zuwa gaishe ta suna gani." Inna ce ya kamata in tambaya, to ita a ranta keken yana nan yadda ta bar shi. Ta ina zan fara?

Da na koma, na tarar ya riga ya goge shi fari tas kamar ɓararren rogo. Ya ce, "Akwai wasu tsage-tsage a bakinsa, na daidaita maka su."

Inna ba ta taɓa riƙe tef ba. Da reza ta tsaga bakin teburin nan: nan tsawon wandon yaro, nan hannun riga, nan wuya. Da su take awo. Ban gaya masa ba, don ni ma sai da suka tafi na tuna da su.

Na ce ko a gwada man shanun. Ya shafa a gefe. Katakon ya sha, cikon ya ƙi sha, wurin ya yi dabbare-dabbare.

"To sa banish ɗin," na ce.

Ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Na kai shi har gaban tabarmarta, na ɗora ta a kujera. Ta juya kan keken da hannu, ta kasa kunne.

"Kan dai nawa ne."

Sai ta bi teburin da tafin hannu. Ta bi bakinsa da babban yatsa, ta dawo, ta sake bi. Ta shinshina yatsunta.

"Wa ya ba ka aron tebur?"

"Naki ne, Inna. Gyara aka yi." Na gaya mata zancen yoyo da gara, duka.

"Ka dai ce ba ka samu ɗauko nawa ba. Ba komai, aiki ya yi maka yawa."

Washegari na koma wurin kafinta na ce ya mayar da tsagar. Ya ɗauko wuƙa ya ce, "Nuna min wurin." Na durƙusa zan zana masa bakin teburin a ƙasa. Ban san wurin ko ɗaya ba. Ƙanwata ma ba ta sani ba. Inna kuwa ta ce ba za ta tsaga kayan mutane ba.

Keken yana nan a ɗakinta, ba ta taka shi ba ko sau ɗaya. Rannan jikoki suka ɗora kofi a kai, ta ji ƙarar. Ta laluba ta ciro zani daga jakarta ta miƙo min.

"Rufe musu kafin su zo ɗauka. Kada a ce mun ɓata."

Na karɓa na rufe.