Ranar da Kasuwa Ta Ƙi Motsi

Ko da tsufa zai kwashe mini sauran haƙora ya haɗa da tunani, ranar da kasuwar Suleja ta sandare saboda ni ba za ta fita daga raina ba.

Karatuna dai a aji huɗu na firamare ya tsaya, ba don na gaza ba, malaman ne suka gaji. Shekara arba'in ina ɗaukar hoto a garin nan, na fasfo, na suna, na biki, har waya ta zo ta mayar da kowa mai hoto. Shi ya sa da furfurata na shiga wata makarantar koyon fim a Abuja, kullum in bi bas ɗin ma'aikata in je in zauna da sa'o'in jikokina. Da jarrabawa ta zo aka raba mu rukuni-rukuni, kowanne ya yi gajeren fim. Daraktar rukuninmu wata yarinya ce mai kaifin baki. Ta miƙo mini kyamara ta ce, "Baba, aron wuni ɗaya makaranta ta ba mu. In ka ɓata, duk mun faɗi."

Na ce, "'Yar nan, ina riƙe da kyamara tun babanki na yawo ba wando."

Aikin ba wuya. Wata ɗaliba ce za ta ratsa kasuwa tana neman ƙanwarta, kasuwa na ci a bayanta. Ni na ce a zo Suleja, ina cika baki cewa kowa ya san ni. Ashe sanin ne zai kashe ni. Ina kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, sai mahaucin da ke gabanmu ya ajiye wuƙa, ya gyara hula, ya ƙame kamar soja. Mai doya ta ɗaure ɗankwali ta jawo maƙwabciyarta kusa. Har mai keken adaidaita-sahu ya kashe inji ya harɗe hannu. Layin nan kaf ya zuba mini ido, ko ƙiftawa babu. Ni na koya musu, tun suna yara nake daka musu tsawa, "Kar ka motsa!"

Darakta ta ɗaga murya, "Don Allah ku ci gaba da harkarku!"

Mahauci ya amsa ta cikin haƙora, "Sai Alhaji ya ƙirga."

Sau biyar muna gwadawa, sau biyar suna ƙamewa, rana kuma tana karkata. Ta matso kusa da ni, a hankali ta ce, "Baba, ka ba wani kyamarar, ka je mota ka huta." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ta ƙara ba ni dama sau ɗaya tak.

Akwai abin da kowane tsohon mai hoto ya sani, malaman Abuja ba su sani ba, wato yadda mutane ke yi bayan an ce an gama. Na raɗa wa ɗalibar abin da za ta yi, na danna maɓalli a ɓoye, na ƙirga da ƙarfi, "Ɗaya, biyu, uku! Shi ke nan, an ɗauka!" Na ɗaga kai daga kyamarar, na ciro goro ina ci.

Sai kasuwa ta ɓarke. Mahauci ya rarumi wuƙa yana cewa, "Alhaji, yaushe za a wanke? Kar ka sake fito da ni da kunne ɗaya!" Mai doya ta tuntsire da dariya tana dukan cinya, mai keke ya tayar da inji ana zaginsa ya tare hanya. Ɗalibar ta ratsa tsakiyarsu tana waige-waige, ni kuwa ina bin ta da kyamara da gwiwar hannu, ina tauna goro kamar ba ruwana.

Da na gaya musu gaskiya, mahauci ya ce, "Wato ha'inci ka je koyo Abujan?" Da ya ga kansa a kyamarar kuwa, sau uku ya sa aka maimaita masa.

Ranar da aka nuna finafinai, malami ya tsayar da namu a daidai wurin, ya tambayi yadda muka horar da 'yan wasa masu yawa haka. Darakta ta nuna ni. Na miƙe na gyara riga na ce, "Malam, sirrin sana'a ne, sai ka yi rajista a wurina." Mu muka zo na ɗaya.

Abin da na koya shi ne, mutum ba ya sakin fuskarsa ta gaskiya sai ya ɗauka an daina kallonsa. In kana son sanin mutum, kar ka duba shi lokacin da ya shirya maka. Ka ce masa an gama, sannan ka buɗe ido.