Taku Uku Zuwa Katifa

Shekarar da gwiwoyin mahaifiyata suka ƙi, mun taso daga Madina da ita a mota, mijina ya tsaya a wani tsohon masauki kusa da Badar. Na hau shi da faɗa. Ga sababbin otal-otal, sai wannan kangon na zamanin da alhazai ke zuwa a bayan babbar mota? Ɗakuna ne jere a ƙasa kamar shaguna, gidan abinci a tsakiya, kowace ƙofa da rumfar motarta.

Ya tsayar da mota a bakin ɗaki. Taku uku Inna ta yi sai ga ta kan katifa, babu matakala, babu ɗaukarta a gaban maza. Na haɗiye sauran faɗan. Ta miƙe ƙafa ta ce, “Wanda ya gina nan yana da uwa.”