Tukwanen Kawu Bukar

Duk wanda ya taɓa kwana a layinmu na Lamisula ya san ba ma bukatar agogo. Da an sallame asuba, Kawu Bukar, ƙanen mahaifiyata, zai haye saman benensa ya kama faɗa da shukokinsa. Faɗa fa na gaske!

"Ke gwanda, me ban yi miki ba? Ruwa na ba ki, taki na ba ki, kin tsaya kina min yaushi kamar wadda aka yi wa rasuwa! Kai kuma lemun tsami, ban da ƙaya me ka taɓa haifa?"

Ku da kuka san shi kun san ban ƙara gishiri ba. Mutumin da ya tashi a bayan shanu, ya yi dillanci a kasuwar dabbobi har furfura, sai ga shi ya tattara tsofaffin bokitai da yankakkun jarkoki da tayoyi da rabin duro, ya cika su da ƙasa, ya jera a saman bene. Kuma da zogale ya tsaya da sauƙi. Ina! Sai ayaba, sai abarba, sai citta, abubuwan da ba sa jin daɗi sai inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Ka ce masa, "Kawu, nan fa Maiduguri ne," ya harare ka ya ce, "To ni na ce maka Fatakwal ce?"

A gidansa ba a zubar da ruwa a ƙasa. Alwala ma sai a kan tukunyar shuka. Ranar da dangin mijina suka zo neman aurena, da yake shi ne waliyyina, la'asar ta same su a gidan. Wallahi haka ya kora dattawan nan sama da manyan rigunansu, kowa ya ba shi buta ya nuna masa tukunyarsa. Wani tsoho a cikinsu ya ce, "Malam Bukar, ni gwiwata ba ta hawa bene."

"A kawo masa baho, in ya gama a hawo min da ruwan," in ji Kawu. "Kun zo ɗauke mana yarinya, ruwan ma sai kun ɓarar?"

Ina ɗaki ina ji, na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai kuma rikicinsa da Ya Falmata, maƙwabciyarsa. Akuyarta ta bi matakala ta hau, ta yi wa gwanda aski tas. Kawu ya kama ta ya ɗaure a can saman. Ya Falmata ta zo da ladabinta tana wushe-wushe, ko gaisuwar bai amsa ba.

"Don Allah Malam, ka sako min ita, dabba ce."

"Ni za ki koya wa dabba? Ba zan doke ta ba, ba zan yanka ta ba. Amma abin da ta ci ta gaba, sai ta biya ta baya."

Akuyar nan ba ta sauko ba sai da ta cika masa bokiti da taki. Dusar da ta ci kuwa, daga gidan Ya Falmata ake kawowa!

Ayabarsa ita ce 'yar lele. Wata Sallah da ta faɗo cikin tsananin zafi, babban ɗansa Abba ya ɗinka masa babbar riga ta shadda. Muka je gaisuwa, muka tarar da rigar a baje kan sanduna tana yi wa ayaba inuwa, shi kuwa ya je idi da tsohuwar jallabiya. Abba ya yi magana, ya ce, "Ni in rana ta dake ni zan nemi inuwa. Ita da wace ƙafar za ta nema?"

Mun yi dariya, mun ce tsufa ne. To amma ku tuna lokacin ambaliya. Ruwa ya cinye layinmu, kowa ya gudo saman benen nan da yara da tsofaffi. Kawu na tsaye a bakin matakala yana jawo mutane da hannu, bakinsa bai huta ba: "Ku zauna ko'ina, amma wanda ya zauna min kan tukunya, ga ruwa can ƙasa yana jiransa!" Da yunwa ta fara sa yara kuka, wa ya ɗauki wuƙa? Shi. Ya sare nonon ayabar da ya yi shekaru yana jira, ɗanya shar, ya haɗa da ɗanyar gwanda aka dafa a kurfoti. Yana rabawa yana cewa, "Ku ci, azzalumai, ku ci! Ni ko ɗanɗanawa ban yi ba."

Shi ya sa raina yake ɓace, kuma ba zan ɓoye ba. Kawu ya rasu, ko sadakar arba'in ba a yi ba na zo na tarar Yaya Abba ya sa leburori suna wurgo tukwanen nan daga sama, wai zai gina ɗakunan haya.

"Yaya Abba, me nake gani haka?"

"Shara ce kawai, Yagana."

"Shara? Sharar da 'ya'yanka suka ci suka rayu?"

Ya kau da kai. Abin da ya fi ƙona min rai, ku maƙwabta kuna tsaye kuna kallo, ba wanda ya ce uffan. Wani ma cewa ya yi a bar masa duron, zai yi masa amfani. Haba jama'a! Ku ne fa jiya kuke share hawaye kuna "Allah sarki Malam Bukar." Na tsince abin da bai karye ba, saiwar citta da ɗan ayaba guda da wasu ƙanana, na cika Keke Napep na kai gidana Galtimari. Suna nan, wasu sun kama, wasu sun ƙi. Har yau ban gaisa da Yaya Abba ba. Zan gaishe shi, zumunci ne, amma ba yau ba.

Kawu, ka yi faɗa da kowa, amma ban taɓa jin ka kwana da mutum a zuciya ba. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Mu kuma da ka bari, Allah ya sanyaya mana zukata, ya sa mu cika da imani. Amin.