Shekarar da Muluk ta ɗaga murfi

A unguwarsu ta bayan kasuwar maƙera a Isfahan, da kaka ta shigo 'ya'yan itacen da ake kira bih suka nuna, buhuna ke fara taruwa a zauren Muluk Hanum. Ba sana'arta ba ce, ba a kuma taɓa tambayarta ko tana so. Tun tana amarya aka gano hannunta ne ke mayar da wannan ɗan itace mai taurin tsiya daga fari zuwa ja jawur kamar garwashi. Takan yanka shi, ta zuba sukari da kirfa da kanumfari a tukunyar jan ƙarfe, ta naɗe murfin da tsumma, ta rage wuta, ta wuni a gefe ba ta leƙa ba. In aka ɗaga murfi, launin ya gudu. Kowa ya san haka, haƙurin ne babu.

Da can ita ma ta so sunan. Marigayi mijinta bai taɓa yaba mata komai ba sai wannan, shi ma sai a gaban baƙi. Yanzu yatsunta sun kumbura, wuƙa na kufce mata. Bara ta ce a bar ta ta huta, matan suka yi dariya, suka ɗauka kawaici ne, domin a garin ba a yarda da "a'a" ta farko, balle ta tsohuwa mai kunya. Sai suka ƙara mata buhu, suna yi mata addu'ar da ake yi wa duk mai girki, wai Allah ya raba hannunta da ciwo.

Bana, da Nahid, ƙanwar mijinta, ta ajiye nata buhun na bikin 'yarta, Muluk ta yanke shawara. Tunda baki ya kasa, tukunya za ta yi magana. Tana tsaka da dahuwa ta kama tsumman ta ɗaga murfin. Tururi ya bugi fuskarta, ƙamshin kirfa ya cika ɗakin. Ta bar shi a buɗe tana kallo, kamar mai sata a gidan kanta. Ta yarda sunan ya tafi, in dai buhunan za su bi shi.

Abin ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, babu ko ƙyalli, haka ta ɗura shi a kwalabe. Nahid ta zo ɗauka, ta ɗaga kwalba ɗaya a hasken taga. Muluk ta jira a ce tsufa ya zo.

"Matar yaya, kin yi bajinta," in ji Nahid. "Ja jawur kamar kullum."

"Duba da kyau, Nahid. Ko idon ne ya fara?"

"Idona garau, ke dai ba kya son yabo. Allah ya raba hannunki da ciwo."

Muluk ta tsura mata ido. Ko ladabi ne ya hana ta faɗa, ko kuwa tun fil'azal ba wadda ta taɓa duban launin, ba ta iya rarrabewa ba, kuma na biyun ya fi yi mata ciwo. Nahid ta jera kwalabe a kwando, tana ba da labarin cewa dangin ango ma sun ji sunanta, gobe za su aiko da nasu.

Da ta fita, Muluk ta jiƙa yatsunta a ruwan ɗumi har ya huce. Sannan ta wanke tukunyar, ta nemo dutsen wasa wuƙa.